Cutar Pierce a Kwarin Temekula: Lokacin da Maganin Gonar Inabi Ya Koma Lambun Lemo

A watan Agustan 1999 ne manoman inabi na kwarin Temekula, wanda ke cikin gundumar Riverside a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, suka tabbatar da cewa fiye da eka 300 na gonakinsu sun kamu da cutar Pierce, kuma babu abin da ya rage illa a tumɓuke itatuwan. Kafin a yi wasu shekaru uku, wajen kashi ɗaya cikin uku na gonakin inabin kwarin ya salwanta. Cutar kanta tsohuwa ce a jihar, domin tun cikin shekarun 1880 ta taɓa share fiye da eka 30,000 a yankin Anaheim, kuma sunan da take amsawa na Newton Pierce ne, masanin ma'aikatar gona ta Amurka wanda ya wallafa rahoton farko a kanta a 1892. Abin da ya tayar da hankalin hukuma a wannan karo shi ne saurin yaɗuwarta da kuma yanayin yaɗuwar, domin manoman jihar sun saba ganinta tana cin bakin gona kawai, sai ga shi a Temekula tana ratsa gona daga wannan gefe zuwa wancan.

Abin da ke faruwa a cikin itacen

Ƙwayar bakteriya mai suna Xylella fastidiosa ce ke haddasa cutar, kuma ba ta zama ko'ina a jikin shuka sai cikin jijiyoyin da ke ɗauko ruwa daga saiwa zuwa ganye. An ɗauki tsawon lokaci ana zaton bairos ne, sai a 1973 aka hango ƙwayar da na'urar girmama abu, a 1978 masana a jami'ar Kalifoniya suka samu nasarar renonta a ɗakin gwaji, sannan a 1987 aka raɗa mata sunan da aka san ta da shi yanzu. Idan ta shiga jijiya sai ta hayayyafa, ta manne da bangon jijiyar cikin wata yauƙi da take fitarwa, kuma tana da sinadarin da ke narkar da siririyar fatar da ta raba wata jijiya da wata, ta haka take samun hanyar zagaya itacen baki ɗaya. Shi kuma itacen, a ƙoƙarinsa na tare mata hanya, sai ya riƙa toshe jijiyoyinsa da ƙaro da wasu kumburi da ke tsirowa daga bangon. Bincike ya nuna cewa wannan toshewa da itacen ke yi da kansa tana da babban kaso a cikin ƙishin da ke kashe shi, ko da kuwa ƙasar da yake tsaye a kanta jiƙe take da ruwa.

Manomin da ya shiga gona a ƙarshen lokacin zafi yana iya gane itacen da ya kamu tun daga nesa. Ganye yana fara bushewa daga baki, bushewar tana ci zuwa tsakiya, da wani layi ja ko ruwan ɗorawa tsakanin matacce da ɗanye. Daga baya ganyen ya faɗi ya bar ƙotarsa a manne da reshe, tsirara, a tsaye. Reshen da ya kamata ya nuna ya koma ruwan ƙasa gaba ɗaya sai ya nuna rabi da rabi, da tabo-tabon kore a jikinsa, nonon inabin kuma ya yanƙwane a sama tun bai kai girbi ba. A shekarar da ke biye itacen yana makara wajen toho, rassansa su fito gajeru, kuma galibi yana mutuwa tsakanin shekara 1 zuwa 5, gwargwadon irinsa da shekarunsa. Har yau babu maganin da za a fesa wa itacen da cutar ta riga ta zauna a jikinsa ya warke.

Ƙwayar ba ta iya fita daga wannan itace ta shiga wancan sai da taimakon ƙwarin da ke tsotsar ruwan jijiya. Tana maƙalewa a cikin bakin ƙwaron, tana hayayyafa a nan, kuma balagaggen ƙwaro da ya ɗauke ta zai ci gaba da yaɗa ta har ƙarshen rayuwarsa, ba tare da buƙatar wani lokacin jira tsakanin ɗauka da bayarwa ba. A arewacin jihar, wajen Napa da Sonoma, ƙaramin ƙwaro ne shuɗi-kore ke wannan aiki. Yana cin hunturu a cikin ciyayin bakin rafi, yana shigowa gona a farkon toho, ba ya nisa sosai, kuma a kan ɗanyen tsiro yake cin abinci. Saboda haka cutar takan tsaya a layukan da ke kusa da rafi. Akwai kuma wani sauƙi da masana, musamman Alexander Purcell na jami'ar Berkeley, suka gano: itacen da aka harba a ƙarshen kaka sau da yawa yana tsira, domin ƙwayar ba ta kai ga gangarowa cikin gindi ba kafin a datse rassan a hunturu, sannan sanyi mai tsanani yana kashe ta a jikin itacen.

Baƙon da ya sauya lissafi

Wajen 1989 zuwa 1990 wani sabon ƙwaro ya ɓulla a kudancin Kalifoniya, Homalodisca vitripennis, wanda aka fi sani da fiffikensa mai sheƙi kamar gilashi. Asalinsa kudu maso gabashin Amurka da arewa maso gabashin Meziko ne, kuma ana kyautata zaton ƙwansa ne ya shigo a jikin tsirran ado da aka yi safararsu. Tsawonsa wajen milimita 12 ne, ya fi ƙwarin gida girma da ƙarfin tashi. Da yake ruwan jijiya kusan ruwa ne zalla, ba shi da wani abinci mai yawa, ƙwaron yana zuƙar abin da ya ninka nauyin jikinsa fiye da sau 100 a yini, yana fitar da ragowar a matsayin ɗigo, har wanda ya tsaya ƙarƙashin itacen da suka cika zai ji kamar ana yayyafi, ganye da 'ya'ya kuma su yi fari idan ruwan ya bushe.

Wani abin lura shi ne gwaje-gwajen da Rodrigo Almeida da Purcell suka yi sun nuna cewa idan aka ɗauki ƙwaro ɗaya da ɗaya, baƙon bai kai ɗan gida ƙwarewa wajen harba cutar ba. Haɗarinsa ya zo ne daga yawansa da kuma ɗabi'arsa. Yana shiga har tsakiyar gona, yana iya huda tsohon reshe mai tauri da ke kusa da gindi, wato ɓangaren da ba a datsewa, kuma yana cin abinci a kan inabi ko da lokacin da itacen ya zubar da ganye yana hutun hunturu. Wannan ya rage amfanin datse rassa, ya kuma buɗe hanyar yaɗuwa daga gindi zuwa gindi a cikin gona ɗaya, abin da ke sa adadin masu cuta ya riƙa ninkuwa maimakon ƙaruwa a hankali. Ga shi kuma hunturun Temekula ba shi da tsananin sanyin da zai taimaka.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce inda waɗannan ƙwari suke samun mafaka a watannin da inabi ba shi da ganye. Amsar tana tsallaken hanya. Kwarin Temekula wuri ne da gonakin inabi da lambunan lemo suke kafaɗa da kafaɗa, shi kuwa lemo ba ya zubar da ganye, ana ba shi ruwa duk shekara, kuma macen ƙwaron tana son sa ƙwanta a ƙarƙashin fatar ganyensa, a jere, ta rufe shi da wani farin gari da take gogewa daga fiffikenta. Ƙwaron yana yin zubi biyu a shekara a wannan yanki: balagaggun da suka ci hunturu a lemo su ne ke yin ƙwan farko tun daga watan Fabarairu, 'ya'yansu kuma su balaga su fantsama cikin inabi a tsakiyar shekara. Thomas Perring da abokan aikinsa na jami'ar Kalifoniya da ke Riverside sun bi gonakin kwarin layi-layi, kuma sakamakon da suka wallafa a 2001 ya nuna cewa kusancin inabi da lemo yana tafiya tare da tsananin cutar.

A nan ne matsalar ta tashi daga hannun masana ƙwari kaɗai ta zama ta zamantakewa. Nau'in ƙwayar da ke kashe inabi ba ya sa wa lemo cuta. Mai lambun lemo yana kwana da dubban ƙwari a kan itatuwansa, yana girbe amfaninsa, asarar da yake yi ba ta taka kara ta karya ba, alhali maƙwabcinsa yana tumɓuke gonar da ya kashe shekaru yana reno. Babu wani dalilin kasuwa da zai sa mai lemo ya sayi magani, kuma yana da dalilai masu ƙarfi na ƙin yin hakan. Manoman lemo na Kalifoniya sun daɗe suna dogara da ƙwari masu amfani don kare lambunansu, tun daga ƙaramar buzuzuwar da aka kawo daga Ostareliya a ƙarshen shekarun 1880 don ta cinye wani ƙwaro mai farin auduga da ya kusa hallaka sana'ar, kuma an san cewa wasu magungunan da ke kashe baƙon ƙwaron suna kashe wannan buzuzuwar. Ga kuma batun ƙudan zuma a lokacin fure, da batun masu noman da ba sa amfani da sinadaran masana'anta, waɗanda feshi ɗaya zai iya raba su da takardar shaidarsu.

Matakin da aka ɗauka

A farkon 2000 aka fara shirin magance ƙwaron a faɗin kwarin baki ɗaya, ƙarƙashin jagorancin Nick Toscano na jami'ar Riverside, da kuɗin gwamnati. Ma'anar shirin ita ce a daina kallon kowace gona ita kaɗai. An kafa tarkuna masu danƙo, launin ruwan ɗorawa, a lambuna da gonaki, ana duba su a kai a kai don a san inda ƙwarin suke da lokacin da suke tashi. Lambunan lemon da aka samu ƙwari a cikinsu an ba su maganin imidacloprid ta bututun ban ruwa, saiwa ta zuƙe shi ya hau cikin jijiyoyin ruwa, wato daidai wurin da ƙwaron ke cin abinci. Babban itacen lemo yana ɗaukar makonni kafin maganin ya game jikinsa, don haka dole a sa shi da wuri. Masu noman da ba sa amfani da sinadaran masana'anta an ba su maganin da ake samu daga furen pyrethrum, wanda ƙarfinsa ba ya daɗewa, sai an maimaita. Su kuma masu inabi aka ɗora musu nauyin sa magani a gonakinsu da kuma tumɓuke duk gindin da ya kamu, don kada ya zama rumbun cuta ga na kusa da shi.

Ta fuskar kuɗi da doka, a shekarar 2000 jihar ta kafa shirin yaƙi da cutar Pierce a ƙarƙashin ma'aikatar abinci da gona, gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci ta ware wajen dala miliyan 22, sannan a 2001 aka kafa hukumar manoma tare da harajin bincike a kan inabin da ake matsewa a yi giya, wanda iyakarsa dala 3 ce a kan kowace dala 1,000 ta darajar amfanin. Manoman ne da kansu ke jefa ƙuri'a duk bayan shekara 5 a kan ko harajin ya ci gaba, kuma sun sha amincewa da shi. An kuma sa ido a kan safarar tsirrai daga kudu zuwa arewa: ana duba kaya a gandun renon tsirrai kafin su tashi, a sake dubawa idan sun isa, ganye bayan ganye, ana neman ƙwai. A ganina wannan aiki mai gajiyarwa, wanda ba kasafai ake ambatonsa ba, yana cikin abin da ya fi amfani a dukan shirin, domin shi ya hana ƙwaron kafa gida a manyan yankunan inabi na arewa, duk da cewa ana samun ɓullarsa nan da can ana kashe wutar tun tana ƙarama.

Cikin 'yan shekaru yawan ƙwarin da ake kamawa a tarkunan Temekula ya faɗi ƙwarai, manoma suka sake dashe, kuma binciken da Matt Daugherty na jami'ar Riverside ya jagoranta daga baya ya samu cutar a mataki kaɗan, musamman a gonakin da ake sa wa magani. An kwaikwayi tsarin a gundumar Kern, inda ake noman inabin ci kusa da manyan lambunan lemo, aka kuma ga irin wannan sakamako. An saki ƙananan zanzaro na dangin Gonatocerus, masu sa ƙwansu a cikin ƙwan ƙwaron. A tsibirin Tahiti na tekun Pasifik, inda ƙwaron ya shiga a 1999, sakin irin wannan zanzaro a 2005 ya rage shi da fiye da kashi 90 cikin 100, amma a Kalifoniya amfaninsu ya fi fitowa a zubi na biyu, domin sukan yi ƙaranci bayan hunturu, daidai lokacin da ake ƙwan farko.

Sai dai nasarar tana da rauni a gindinta, kuma raunin ya bayyana a Kern. Bayan shekaru fiye da goma ana dogara da magani kusan iri ɗaya, daga wajen 2012 ƙwarin suka sake yawaita, cutar ta dawo wasu gonaki, kuma gwajin da masana na Riverside suka yi ya tabbatar da cewa ƙwarin wasu yankuna sun daina jin imidacloprid kamar da. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san ƙwari, amma ya nuna cewa abin da shirin ya samar lokaci ne, ba waraka ba. Ko da ana cikin shirin, wani nazarin tattalin arziki da masana na jami'ar Davis suka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa cutar tana ci wa jihar fiye da dala miliyan 100 a shekara, idan aka haɗa asarar itatuwa da kuɗin rigakafi.

Abin da aka yi da lokacin da aka samu

Wani ɓangare na taimakon ya zo daga Burazil, kuma ta hanyar lemo ya zo. A 1987 aka ga wata cuta a lambunan lemon zaƙi na jihar Sao Paulo, mai sa ganye ya yi ɗorawa-ɗorawa, 'ya'ya su fito ƙanana masu tauri, kuma aka gano wani nau'in Xylella ne ke haddasa ta. Masanan jihar suka haɗa ɗakunan gwaji da dama suka karanta dukan tsarin halittar ƙwayar, suka wallafa a 2000, kuma ita ce ƙwayar cutar shuka ta farko da aka yi wa haka a duniya. Su ne kuma aka nema suka karanta na nau'in inabi, wanda aka ɗebo daga Temekula, aka wallafa a 2003. Daga nan masu bincike suka samu damar sanin sinadaran da ƙwayar ke amfani da su wajen mannewa, tafiya da huda bangon jijiya. Burazil ɗin ta rage tata cutar ne da tilasta renon dashen lemo a cikin rumfunan da aka kewaye da raga, da datse rassa, da tumɓuke itatuwa, da yaƙar ƙwari.

Daga wannan ilimi hanyoyi da yawa suka fito. Steven Lindow na Berkeley ya yi aiki a kan wani sinadari da ƙwayoyin ke fitarwa don sanar da juna cewa sun yi yawa, wanda ke sa su daina yawo su manne wuri ɗaya, da tunanin cewa idan aka cika itace da shi ƙwayar za ta tsaya inda aka harba ta. Ya kuma gwada wata bakteriya mara cutarwa, Paraburkholderia phytofirmans, wadda ke farkar da garkuwar itacen. A Fulorida, Donald Hopkins ya gwada sa wa dashe wani nau'in Xylella mai rauni don ya riga mai ƙarfin shiga. A Texas aka tace wasu bairos masu cin bakteriya, aka yi maganin allura da su, XylPhi-PD, wanda ya samu rajista a 2019, sai dai yi wa kowane gindi allura sau da yawa a shekara aiki ne mai tsada da ya fi dacewa da layukan da ke cikin haɗari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai ga maye gurbin yaƙi da ƙwaron.

Aikin da ya fi nisa shi ne na Andrew Walker a jami'ar Davis, kuma shi ne mafi tsufan salo: barbarar iri. A cikin tarin inabin daji na jami'ar akwai wani da masanin inabi Harold Olmo ya ɗebo a kusa da Monterrey ta Meziko a farkon shekarun 1960, na jinsin Vitis arizonica, wanda ƙwayar ba ta iya yawaita a jikinsa. Walker da abokan aikinsa suka gano cewa wuri ɗaya a tsarin halittarsa, wanda suka sa wa suna PdR1, shi ne ke ɗauke da juriyar. Matsalar ita ce inabin daji 'ya'yansa ƙanana ne marasa daɗi, don haka sai an yi ta mayar da zuriyar kan inabin noma, zubi bayan zubi, ana riƙe juriyar ana zubar da sauran halayen dajin. Gwajin ɗakin bincike ya ba su damar tantance tsiro tun yana ɗan ƙarami, suka kuma matsa wa itatuwan su yi fure da wuri, har suka mayar da kowane zubi shekara 2. Duk da haka sai a ƙarshen 2019, shekara 20 bayan annobar Temekula, aka saki iri biyar: Camminare noir, Paseante noir da Errante noir masu baƙin 'ya'ya, da Ambulo blanc da Caminante blanc masu fari. Kashi 94 zuwa 97 cikin 100 na halittarsu na inabin noma ne.

Abubuwa biyu ne ke gaban waɗannan irin. Na farko na kimiyya ne, domin juriyar da ta dogara da wuri ɗaya tana iya karyewa idan ƙwayar ta sauya, shi ya sa masu binciken suka ci gaba da neman wasu tushen juriya daga sauran inabin daji don a tara su a itace ɗaya. Na biyu na kasuwa ne. Mai sayen giyar inabi a Amurka sunan iri yake bi, irin su Chardonnay da Cabernet Sauvignon, kuma manomin da zai kashe kuɗi ya dasa gonar da zai yi shekaru talatin yana ci ba ya son sunan da ba a sani ba. Dokar ƙasar ta yarda a rubuta sunan iri a kwalba muddin kashi 75 cikin 100 na abin da ke ciki daga wannan irin ne, don haka amfanin farko da ake hango wa sababbin irin shi ne a dasa su a layukan bakin rafi da gefen lambunan lemo, inda tsofaffin irin ke mutuwa duk bayan 'yan shekaru, a riƙa gauraya amfaninsu a cikin ragowar kashi 25 ɗin.